Sharaɗa, Challawa da Bompai: Yadda za a samar da filin wasan da zai karɓi kowa

Duk wanda ya ratsa yankunan masana'antu na Kano bayan sallar La'asar zai ga yadda matasa ke mayar da kowane ɗan sarari filin ƙwallo. A Sharaɗa, tsakanin katangar kamfani da kwalbati ake bugawa. A Bompai, gefen titin da tireloli ke tsayawa. A Challawa kuwa, kan fulotin da mai shi bai kai ga ginawa ba. Duwatsu biyu ko takalma su ne raga. Mota ta taho a ɗauke ƙwallo, ta wuce a ci gaba.

Sai dai masu wasan kusan iri ɗaya ne: samari majiya ƙarfi. Da wuya ka ga 'yan mata. Ba ka ganin dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga. Ba ka ganin yaron da cutar shan inna ta taɓa, balle mai lalurar gani. Ba don ba sa so ba ne. Wurin ne bai karɓe su ba.

Waɗannan yankuna uku na daga cikin wurare ƙalilan da suka rage da manyan filaye a tsakiyar gari, kuma unguwanni masu cunkoso sun kewaye su. Idan har Kano za ta samar wa talakawanta wuraren wasa da shaƙatawa masu itatuwa, nan ne wurin dubawa. Amma samun filin ba shi ne ƙarshen magana ba. Yadda aka tsara shi ne zai nuna wanda zai shiga da wanda zai tsaya a bakin ƙofa.

Filayen da aka gada

Garin Bahaushe bai taɓa rasa wurin wasa ba. Kowace unguwa na da dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da dare, samari na langa da kokawa, dattawa na dara a gindin bishiya. Babu kuɗin shiga, babu mai gadi. Bunƙasar gari da tsadar ƙasa ne suka cinye dandali, kamar yadda suka cinye kududdufai da dama da aka cike aka yi gini a kansu.

Manyan korayen filayen da Turawa suka bari kuwa, tun asali ba don kowa aka yi su ba. Dokar tsara garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, ta tanadi tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A garuruwa da dama, irin wannan tazara ce ta zama filin sukuwa, na folo da na golf. A Kano, irin waɗannan filaye suna ɓangaren Nassarawa, ba nisa da Bompai. Har gobe, filin folo da na golf wurare ne na masu doki da 'yan kulob. Ma'aikacin kamfanin roba da ke zaune a Dakata ko Gama yana wuce su ne kawai a adaidaita sahu.

Bayan samun 'yanci, tsarin raya birnin Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion, ya yi ƙoƙarin shata inda gari zai dosa. Gwamna Audu Bako ya kafa Gidan Zoo a farkon shekarun 1970, wanda har yanzu shi ne babban lambun da iyalai ke zuwa. Cikar da yake yi a ranakun Sallah ta isa shaida cewa jama'a na da ƙishin irin wannan wuri. Amma sai an biya ake shiga, kuma ba wurin motsa jiki na kullum ba ne.

Akwai filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, da na Kano Pillars a Sabon Gari, da Filin Mahaha a Ƙofar Na'isa, da dandalin Ado Bayero inda ake dambe. Sai dai a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da miliyan 9, kuma birninta ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, waɗannan sun yi kaɗan ƙwarai. Rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara a Filin Sukuwa cikin watan Yunin 2023, da muhawarar da ta biyo baya, sun nuna yadda batun filayen jama'a ke da zafi a Kano.

Me ya sa sai yankunan masana'antu?

Bompai, da ke ƙaramar hukumar Nassarawa, ita ce mafi daɗewa a cikin ukun. Sharaɗa da Challawa sun zo ne daga baya a kudancin gari, lokacin da Kano ke tashen masaƙu, kamfanonin fata, na man gyaɗa, na alewa da na roba. An yanka fulotai manya, an bar tituna masu faɗi saboda manyan motoci.

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, al'amura suka fara ja da baya. Rashin wutar lantarki, tsadar kayan aiki da kwararowar yadi mai araha daga waje sun rufe kamfanoni masu yawa. Wasu sun koma rumbunan ajiye kaya, wasu kuma ciyawa ce ta cinye harabarsu.

A daidai wannan lokacin kuma gari ya cim musu. Dakata, Kawaji, Tudun Wada da Tudun Murtala suna jingine da Bompai. Ja'en da unguwar Sharaɗa kanta suna manne da masana'antu. Panshekara da garuruwan Kumbotso suna kewaye da Challawa. A yawancin lungunan waɗannan unguwanni, gida na haɗe da gida, babu inda yaro zai yi gudun taku 50 bai ci karo da babur ba.

Mayar da tsohon wurin sana'a lambun jama'a ba baƙon abu ba ne a duniya. A birnin Duisburg na Jamus, kamfanin narka ƙarfe da ya daina aiki a 1985 ya zama wurin shaƙatawa da aka buɗe a 1994, inda aka bar tsofaffin gine-ginen ana wasanni a cikinsu. A Alƙahira, lambun Al-Azhar da aka buɗe a 2005 an gina shi ne a kan jujin da aka shafe kusan shekara 500 ana zuba shara, ya zama fili mai faɗin hekta 30 a gefen tsohon gari. A Legas ma, tsohon gidan yarin Turawa ne ya zama Freedom Park a 2010.

A fara da ƙasa da ruwa

Abin da ya bambanta yankunan masana'antu da sauran filaye shi ne abin da ke cikin ƙasarsu. Dagwalon Bompai na bin rafin Getsi ne ya haɗu da Jakara, ya gangara dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa na bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, inda na kamfanonin fatar Challawa ma ke zuba. Binciken masana da dama, ciki har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna akwai sinadarai masu guba a waɗannan ruwaye, musamman kuromiyam da ake jimar fata da shi.

Wannan na da muhimmanci domin ƙaramin yaro da ƙasa yake wasa, kuma hannunsa ba ya rabo da baki. Wanda ke tafiya da hannu a ƙasa saboda shan inna shi ma ya fi kowa haɗuwa da abin da ke cikinta. Ba a manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Can haƙar zinare ce sanadi, amma darasin ɗaya ne: guba a cikin ƙasa yara take fara kamawa.

Saboda haka matakin farko ba sayen lilo ba ne. A ɗebi ƙasar wurin a kai ɗakin gwaji. Inda aka samu guba, ko dai a kwashe saman ƙasar, ko a rufe ta da sabuwa mai kauri, ko a daɓe wurin da siminti a mayar da shi filin ƙwallon kwando. Wurin wasan ƙananan yara ya kasance a ɓangaren da ya fi tsafta, nesa da magudanar dagwalo. Ruwan sha da na ban itatuwa ma sai an gwada shi, kada a haƙa rijiyar burtsatse a ɗauka shi ke nan. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007, da ma'aikatar muhalli ta jiha, su ne ke da alhakin sa ido a kan wannan.

Darasi daga ƙwallon guragu

Kano na da dalili na musamman na damuwa da masu buƙata ta musamman. Jihar ta daɗe tana fama da cutar shan inna, musamman bayan dakatar da rigakafi a 2003 zuwa 2004. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a jihar ne a ƙaramar hukumar Sumaila cikin Yulin 2014, sannan aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a ranar 25 ga Agustan 2020. Ainihin ƙwayar cutar ta tafi, amma waɗanda ta taɓa suna nan, da yawansu matasa ne a yanzu.

Daga cikin irinsu ne wasa ya fito. Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, shi ne ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. 'Yan wasa na zama a kan katako mai ƙananan tayoyi, suna tura kansu da hannu, suna buga ƙwallo da hannu. Wasan ya yaɗu a jihohi da dama, kuma ana yawan shirya gasarsa a lokacin Ranar Yaƙi da Cutar Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba.

Abin da wannan wasa ke buƙata bai da yawa: daɓe mai laushi, marar tsaga, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa. A kan yashi ko ciyawa tayoyin ba sa tafiya. Abin sha'awa shi ne daɓen nan ɗaya zai ɗauki ƙwallon kwando, ƙwallon hannu, ƙwallon raga da ƙwallon 'yan biyar-biyar. Ke nan idan aka fara da buƙatar mai shan inna, kowa ya samu. Idan aka fara da babban filin yashi na 'yan sha ɗaya-sha ɗaya, samari kaɗai aka yi wa.

Haka abin yake a hanyar shiga. Matakala ɗaya tak a bakin ƙofa ta isa ta hana mai keken guragu shiga. Ƙa'idar da magina ke bi a duniya ita ce, duk tsayin mita ɗaya a ba shi gangaren mita 12, don mutum ya iya tura kansa ba tare da an taimaka masa ba. Hanyar cikin lambu ta kai faɗin mita 1.8, yadda keke biyu za su gifta juna. Kwalbatin da ke gaban ƙofa a rufe shi da murfi mai ƙarfi, ba katako ɗaya da ake ɗorawa ba.

Akwai kuma abin da littattafan waje ba za su gaya wa mai zane ba. Yawancin masu shan inna a Kano ba keken asibiti suke hawa ba, keke mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar su Aminu Ahmad Tudun Wada ta shahara wajen ƙerawa. Ya fi keken asibiti tsawo, yana buƙatar sarari kafin ya juya. Ƙofar da aka auna da keken asibiti za ta iya hana shi wucewa. Haka ban-ɗaki: mai tafiya da hannu na buƙatar daɓe busasshe, ƙofa mai faɗi, ƙarfen dafawa da famfo a ƙasa-ƙasa. Wurin alwala ma haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kafin a ja layi ɗaya a takarda, su ya kamata a fara zama da su.

Ba nisa da Sharaɗa, akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, inda yara masu lalurar gani da ta ji ke karatu. Mai lalurar gani na buƙatar hanya mai gefe da sandarsa za ta bi, da daɓe mai ƙuraje da ƙafa ke ji a mararraba ko bakin gangara, dabarar da aka ƙirƙiro a Japan a 1965. Ƙwallonsu kuma mai kacau-kacau ce a ciki, da kunne ake bin ta, don haka filinta ba zai yiwu kusa da janareton kamfani ba. Mai lalurar ji kuwa haske da alamu na zane yake so, yadda zai ga hannun abokin hirarsa ko da magariba ta yi.

Mata, yara da dattawa

Babu dokar da ta hana mace shiga fili, amma fili buɗaɗɗe da maza suka kewaye suna kallo, kamar a rufe yake a wurinta. Iyaye da mazaje ma ba za su bari ba. Maimakon a yi kamar ba a san da wannan ba, sai a tsara da shi: ɓangare na mata mai ƙofarsa daban, da shingen itatuwa ko katanga da ke ba da sutura, da ban-ɗakinsu, da ma'aikata mata. Wurin wasan ƙananan yara ya kasance a jikin wannan ɓangare, da benci a inuwa, domin uwa ba ta fita ta bar goyo. Inda fili ya yi kaɗan, a ware wa mata ranaku ko sa'o'i, kamar hantsi bayan yara sun tafi makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma minti 60 a kullum. Ga dattijo, wannan na nufin hanyar tattaki da ta zagaye lambun, marar gargada, da wurin zama bayan 'yar tazara. Benci mai wurin jingina da na dafawa ya fi dogon dakali, saboda mai ciwon gwiwa ya iya tashi da kansa. A bar rumfa ta masu dara da hira. Su ma idanu ne a kan wurin.

Inuwa ba ado ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Darbejiya na saurin girma kuma tana jure fari. Maɗaci, tsamiya da ceɗiya sun fi jinkiri amma suna daɗewa. Layin itatuwa a gefen titin manyan motoci na rage ƙura da hayaniya. Ciyawa irin ta filayen Turai kuwa shan ruwa gare ta, rani ɗaya ya isa ya mayar da ita ƙura. Kayan lilo na ƙarfe da aka kafa a rana, kafin azahar sun yi zafin da yaro ba zai taɓa ba.

Sai batun lokaci da tsaro. Kamfanoni da dama dare da rana suke aiki, ma'aikaci na tashi ne da asuba ko bayan magariba. Lambun da ake rufewa ƙarfe shida bai amfane shi ba. Fitilu masu aiki da hasken rana za su tsawaita lokacin, su kuma rage fargabar 'yan daba, masu shaye-shaye da masu ƙwacen waya, wadda ita ce ke sa iyaye hana 'ya'yansu zuwa irin waɗannan wurare. A guji lungu da saƙo. Ƙofa ta kalli unguwa, ba titin tireloli ba, a kuma sa wurin tsallakawa mai tudun rage gudu.

Doka, kuɗi da kulawa

Ba alfarma ake nema ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, kuma sashe na 30 ya yi magana a kan wasanni da shaƙatawa. A Janairun 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Muradun ci gaba masu ɗorewa ma sun nemi zuwa 2030 kowa ya samu korayen wuraren jama'a masu aminci, musamman mata, yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun kai kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya.

Ta fuskar fili, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, tare da biyan diyya. Amma ba lallai sai an kai ga haka ba. Akwai gefen rafuka da bai kamata a yi gini a kansu ba tun farko, akwai rarar gefen tituna, akwai kuma masu tsofaffin kamfanoni da za a iya yin yarjejeniyar aro ko haya da su na wasu shekaru. Hukumar tsara birane ta KNUPDA na iya gindaya sharaɗi: duk wanda zai sauya fulotin masana'anta zuwa shaguna ko gidaje, ya ware wani kaso na jama'a, a rubuta a takarda, a kafa alama.

Su ma masu masana'antu, ta hannun ƙungiyarsu ta MAN, suna da riba a ciki. Ma'aikatansu ne da 'ya'yansu za su amfana, kuma kangon da ke cike da mutane da haske ya fi wanda ɓata-gari ke kwana a ciki.

Inda irin waɗannan ayyuka suka fi mutuwa shi ne bayan an yanke ƙyalle. Famfo ya lalace, fitila ta mutu, akuya ta cinye dashe, bayan shekara biyu wani ya kafa kwantena. Idan aka ce sai an biya kuɗin shiga don a kula da wurin, an kori waɗanda aka yi dominsu. Hanyar da ta fi ita ce shiga ta zama kyauta, kuɗin kulawa ya fito daga hayar 'yan rumfunan mai shayi, mai fura da mai tsire a bakin ƙofa, da kuɗin da ƙungiyoyin ƙwallo za su biya na gasa. Kwamitin kula da wurin ya haɗa da mai unguwa, wakilan mata, na matasa, na ma'aikata da na masu buƙata ta musamman, kuma kujerarsu ta kasance ta yanke hukunci, ba ta cika taro ba.

Ba sai an jira aikin biliyoyin naira ba. Fuloti ɗaya a kowane yanki, da aka gwada ƙasarsa, aka daɓe fili ɗaya, aka zagaye shi da hanyar tattaki da itatuwa, aka yi ban-ɗakin da kowa zai iya shiga, ya isa a gwada a gani. Abin da ba ya jira shi ne filin kansa. Kowace shekara ana ƙara yanka tsofaffin harabobin nan ana gina shaguna da rumbunan kaya, kuma fulotin da aka zuba wa kankare ba ya dawowa.